Mai Koya wa Amarya Taku

A garuruwanmu na Jazira, daga Kamlin har Wad Madani, ba za ka ji an kira wani malamin rawa ba. Malami shi ne na allo ko na makarantar gwamnati. Amma sana'ar tana nan, kuma a hannun mata take. Larabawan Sudan suna kiran mai yin ta gannaya, wato mawaƙiya, darasin kuma ta'alima. Mu Hausawan nan, waɗanda kakanninmu suka yada zango a hanyar Makka ko suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, a wurin maƙwabta muka tarar da abin. Muka ɗauka, har wasu matanmu suka goge a kai.

Ga wanda bai san bikin Sudan ba, amarya a nan ba lulluɓe kawai take yi ta zauna ba. Akwai ranar da za ta fito ta yi rawa gaban mata zalla, namiji ɗaya ne a wurin, shi ne ango. Kowace waƙa da takunta. Tana cikin rawa sai ta saki jiki kamar za ta faɗi, in ango bai tare ta ba mata su ɗauki shewa suna cewa an ci shi gol. Wannan kuwa ba a yin sa da ka. Makonni kafin biki, wani lokaci fiye da wata, gannaya za ta riƙa zuwa gidan da yamma da dallukarta, gangar yumɓu mai fatar akuya, a rufe ƙofa, a hau aiki.

Gwaggona wannan ce sana'arta tun ban san kaina ba. Da na tambaye ta inda ta koya, dariya ta yi ta ce, "Ɗan nan, ai ɗaukar kaya na fara yi." Shekarunta na farko a bayan wata tsohuwar gannaya ba ta taɓa buga dalluka ba. Ita ce mai ɗaukowa, ita ce mai gasa fatar a bakin garwashi har ta ɗame, ita ce mai tafi da amshi. Daga nan aka miƙa mata shatam, ƙaramar gangar da ke raka babbar. Sai da uwar ɗakinta ta ga hannunta ya daina gudu kafin ta bar ta da amarya, ita ma ta gidan da ba su da abin biya sosai. Na lissafa, abin ya ninka shekarun da na yi kafin a ba ni difloma ta aikin jarida. Ni ina da takarda a bango, ita kuwa shaidarta a bakin mata take: wance ce ta koya wa 'yar gidan wane.

Abin da na fi jinjina mata shi ne ido. Ta ce duk amarya, a yinin farko take gane ta. Akwai mai kunya, wadda sai an kori ƙannenta daga ɗaki. Akwai mai rawar kai, da za ta riga kiɗa. Akwai mai nauyin jiki, sai a zaɓa mata waƙoƙi masu sanyi a ɓoye mata rauninta. Akwai kuma wadda auren ne ba ta so, ƙafarta ce ke faɗin abin da bakinta ya kasa. Irin wannan, in ji gwaggo, sai ta ajiye dalluka su yi magana, wani lokaci ta je ta sami uwar yarinyar. Ba a biyan ta kuɗin wannan ɓangaren. Na sauran ma babu tsayayyen farashi: kuɗi kaɗan, sukari, turare, tobi ɗaya in gidan masu hali ne, sai abin da mata suka liƙa ranar rawa. In Ramadan ya zo ko auduga ta yi gardama, biki ya ja baya, ita ma ta koma sayar da ƙosai.

To amma gidan da ya kira ta ya damƙa mata 'yarsa wata guda, shi ne gidan da zai yi tsaki in ɗansa ya ce 'yar gannaya yake so. Wannan ba sabon abu ba ne. A'isha Falatiya, wadda iyayenta suka zo daga ƙasar Sakkwato, aka haife ta a Kasala, a gidajen biki ta fara waƙa, mahaifinta malami yana ƙi. A 1942 ta zama mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a Rediyon Omdurman. Duk lokacin da na sa faifanta a shirina sai waya ta cika da masu alfahari, tamu ce, Bahaushiya ce. Ranar da na gayyaci gwaggo shirin kuwa, wani dattijo ya bugo ya ce, "Malam, ka rasa baƙo ne?" Na ce, "Baba, wa ya koya wa 'yarka taku?" Ya yi shiru, sannan ya kashe.

Hukuma ma ba ta taɓa sanin inda za ta ajiye su ba. Tun 1969 aka buɗe makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo a Khartum, daga baya ta zama kwaleji a Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, amma ban taɓa haɗuwa da gannayar da ta bi ta ƙofarta ba. Dokar nizamul am ta zamanin Bashir, wadda aka soke a ƙarshen 2019, ta hana mace rawa gaban maza, ta kuma sa a tashi daga biki ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ta'alima ta tsira ne don a ɗaki ake yin ta.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wannan ƙwarewa a kan rawar maƙwabta aka zuba ta. Tamu ta gado, gaɗa da kiɗan ƙwarya da takun kalangu, ba ta da mai koyarwa, don a dandali yara ke tsintar ta daga yayyensu, dandalin kuwa ya mutu. A Kano 'yan koroso suna da ƙungiyoyi, yaro ya shiga tun yana ƙarami a hore shi. Yaranmu a fim ɗin Kano suke ganin rawar Hausa, su kwaikwaya a waya.

Sai yaƙi ya zo a Afrilun 2023, a Disamba ya cinye Jazira. Mutane suka watse, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu Masar. Aure bai tsaya ba, amma ya zama ɗaurin aure da shayi. Gwaggo ta fita da kaya ɗauri ɗaya, ba ta ɗauki dalluka ba, don yumɓu ba ya jure bayan mota. Yarinyar da take rainon hannunta, wadda ta kai matakin shatam, tana Port Sudan tana sayar da shayi. A Gadarif amare biyu gwaggo ta koya wa, a kan jarkar ruwa take buga musu. Ta ce ta biyun ma kwana huɗu aka ba ta, don uwar ta ce sauran za ta ƙarasa a TikTok.