Mai Tsaron Baya

Daren Laraba ne, jajiberin kasuwar Maigatari. Na tuƙa tuwo na rufe, maigida bai shigo ba sai da ƙarfe 11 ta gota. Ni dai a wajena gidan kallon ƙwallo kishiya ce da ba a yi wa lefe ba.

Yana ci yana zuba mini labarin wani Antonio Rudiger, Bajamushe Musulmi, haifaffen Berlin a 1993, mahaifiyarsa 'yar Saliyo. Daga Stuttgart ya koma Roma, ya ɗauki kofin zakarun Turai da Chelsea a 2021, ya maimaita da Real Madrid a 2024, ya kuma buga wa Jamus gasar kofin duniya a 2018 da 2022.

Na ce, "To, ƙwallo nawa ya ci yau?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai mai tsaron baya ne, aikinsa kada a ci su. Irinsu ba a tuna su sai ran da suka yi kuskure."

Na ajiye ludayi na ce, "Ashe Malam ka san darajar mai tsaron baya? Shekara 12 ina tsare maka gida, ba ka tuna ni sai ran da gishiri ya zarce."

Ya yi shiru. Da asuba zai fita kasuwa, ya waiwayo ya ce, "Sannu da ƙoƙari."

Wallahi 'yan'uwa mata, har ƙwalla na yi. Allah Ya sa mazanmu su riƙa waiwayowa, amin.