Maigadin da Na Sani

Jikata, tun da kika zo hutu kike bina da na'urar ɗaukar hoto, kina cewa in zauna in ba ki labarin zango. Kin ce malamanku na jami'a sun ba ku aikin bincike kan yadda littattafai da fina-finai da tallan 'yan siyasa ke nuna mutanen Arewacin Ghana. To, ajiye na'urar tukuna, ki matso kusa. Maganar da zan yi miki na daɗe ina ɗauke da ita.

Mahaifina, kakan babanki, maigadi ne. Ya fi shekara ashirin yana gadin wani shagon katako a Kumasi. In magariba ta gabato sai ya naɗe buzunsa, ya ɗauki buta da tocila da Alƙur'aninsa rubutun hannu a cikin gafaka, ya kama hanya. Ina yaro ni ke kai masa tuwo bayan isha'i. In na tarar yana tilawa, sai in zauna kan benci in yi shiru har ya kai aya. Tun yana saurayi ya haddace. Yana jin Hausa da Dagbani da harshen Asantawa, yana karanta Larabci. Mutanen unguwar, har waɗanda ba Musulmi ba, wurinsa suke kawo ajiyar kuɗi, don sun san ko kwabo ba zai yi ciwon kai ba.

Shekaru bayan rasuwarsa, wata hidima ta mayar da ni Kumasi, na shiga wani gidan kallon bidiyo da dare. Ana cikin fim sai ga maigadi ya fito: hula a karkace, riga a yage, baki jawur da goro, yana gyangyaɗi a bakin ƙofa ɓarayi na wucewa ta gabansa. Da ya buɗe baki, maganar ta fito a karye, ɗaki ya kwashe da dariya. Mutumin da ke kusa da ni ya dafa kafaɗata yana dariya har da hawaye, bai san ɗan wa ya dafa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun daga farkon fim ɗin har inda na tashi na fita, maigadin nan ba shi da suna. "Aboki" kawai ake ce masa. Kalmarmu ce mai daɗi, kalmar zumunci, aka karɓe ta aka mayar da ita abin kiran wanda ba a damu a san sunansa ba.

A hanyar komawa masauki na tambayi kaina: ƙarya suka yi? Akwai masu gadi 'yan Arewa a Kudu, da yawa kuwa. Akwai mai gyangyaɗi a cikinsu. Sai dai an ɗauki mutum guda, an yanke masa karatunsa da amanarsa da iyalinsa, an bar hula da goro, sannan aka yi ta maimaita shi fim bayan fim har yaron da aka haifa a Akra ya ɗauka ya gama sanin Arewa. Wannan shi ne darasinki na farko: hoto yana iya zama gaskiya ya kuma zama zalunci, in shi kaɗai ake nunawa.

Ki kuma tambaya ina hoton ya samo asali, domin ba daga sama ya faɗo ba. Da Turawan Ingila suka mallaki wannan yanki a farkon ƙarnin da ya wuce, sun ɗauke shi rumbun 'yan ƙwadago. Daga nan ake kwasar majiya ƙarfi zuwa ramukan zinariya na Tarkwa da Obuasi, da gonakin koko, da aikin soja da ɗan sanda. Makaranta kuwa aka yi mata ƙwauro. An buɗe makarantar Mfantsipim a Cape Coast a 1876. Sakandaren gwamnati ta farko a Arewa, wadda ke nan Tamale, sai 1951. Shekara 75 ke nan tsakani. Wanda ya ga ɗan Arewa da sanda a bakin ƙofa, ɗan Kudu da alƙalami a cikin ofis, ya yi dariya bai tambayi dalili ba, ya ga reshe ne bai ga saiwa ba.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Ki lura da sunayen da ake raɗa wa abubuwanmu. A 1994 faɗa ya ɓarke tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gwanja. Rayuka masu yawa suka salwanta, ƙauyuka suka ƙone, mun ga 'yan gudun hijira da idonmu a garin nan. Tushen rikicin tsohuwar jayayya ce kan mallakar ƙasa da sarauta: wa ke da gona, wa ke da ikon naɗa sarki, wa ke ƙarƙashin wa. Amma da yake tartsatsin ya tashi ne daga wata gardama kan zabo a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, sai jaridu suka sa masa suna Yaƙin Zabo, sunan kuma ya bi duniya. Duk wanda ya ji shi daga nesa, abin da zai fahimta shi ne akwai wasu mutane can da ke kashe juna a kan tsuntsu. Da suna ɗaya aka binne dalilin, aka bar mu da kamannin marasa hankali. Haka 'yan matan da ke dakon kaya a kasuwannin Akra da Kumasi, waɗanda ake kira kayayei. Rabin kalmar tamu ce, kaya, rabi kuma ta mutanen Ga ce, mai nufin mata. Kullum ana nuna su da kwano a ka, ana nuna inda suke kwana. Sau nawa kika ga an bi ɗayarsu har gida, an nuna keken ɗinkin da ta saya da guminta, ko ƙanenta da ta biya wa kuɗin makaranta?

'Yan siyasa sun fi kowa sanin ƙarfin hoto. Daren da Kwame Nkrumah ya yi shelar 'yancin kai, 6 ga Maris 1957, rigar saƙin Arewa ce a jikinsa, batakari. Ya san abin da yake faɗa da rigar kafin ya buɗe baki: ƙasar ta kowa ce. Shekara goma sha biyu bayan haka, a 1969, gwamnatin Busia ta ba da dokar korar baƙi marasa takardu. Ina saurayi a zangon Kumasi na ga maƙwabtanmu, waɗanda aka haifa a ƙasar nan, suna ɗaure tabarmi da tukwane a kan manyan motoci. Kalmar "baƙo" da aka yi ta nanatawa a rediyo da jarida ita ta share wa motocin hanya. Yau kuwa, in zaɓe ya ƙarato, za ki ga ɗan takara ya sa jallabiya da hula ya shigo zango da buhunan shinkafa da sukari, masu hoto na biye da shi. A wata tashar kuma za ki ji ana maganar samarin zango kamar ba su da sana'a sai daba. Duka biyun ki sa musu ido, na yabon da na zagin, domin a duka biyun wani ne ke magana mu muna tsaye a baya. Arewa ta ba ƙasar nan shugaban ƙasa, Hilla Limann, da mataimakin shugaban ƙasa, Aliu Mahama. A zaɓen 2024 manyan 'yan takara biyu, John Dramani Mahama da Mahamudu Bawumia, duk 'yan Arewa ne. Amma maigadin fim yana nan a bakin ƙofarsa, har yau ba a raɗa masa suna ba. Hawa kujera bai isa ya goge hoto ba, sai an zana wani.

Kada kuma ki ɗauka ke ce ta farko da za ki zana. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Da Larabci da Hausar ajami ya rubuta zuwan Nasara kamar yadda idonsa ya gani, ya rubuta halin talauci da wadata. Makaɗan Dagomba, lunsi, suna riƙe da tarihin sarakunan Yendi a ka, suna zuba shi da ganga tun kafin a kawo takardar boko. A zamaninku, Mohammed Naseehu Ali, ɗan zangon Kumasi, ya fitar da littafin gajerun labarai kan mutanen zango a 2005, Ayesha Harruna Attah kuma ta rubuta labarin Salaga da rijiyoyinta a 2018, ba ta ɓoye cinikin bayin da aka yi a can ba. A garin nan samari suna shirya fina-finai da Dagbani da ɗan abin da ke hannunsu, mata suna taruwa a tsakar gida suna kallo suna jin harshensu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ki nemi waɗannan ki karanta, ki kalla, ki zauna gaban masu gangar, kafin ki ce za ki gyara abin da wasu suka ɓata.

Yanzu ga wadda ta fi mini nauyi, kuma saboda ita na ce ki ajiye na'urar.

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare a nan Tamale, akwai wani yaro Bafulatani a ajina, siriri, mai kunya, mai kaifin lissafi. Daga ruga yake tahowa a ƙafa, ƙurar hanya har gwiwa. Wata rana aji ya yi sanyi, na so in farkar da yara, sai na kwaikwayi wani Bafulatani da muke ji a wasan kwaikwayo, mai shiga birni da sanda yana tsoron mota. Na karya harshe, na rungume sandar allo. Yara suka fashe da dariya, wasu suka juya suna kallonsa. Shi ma ya yi murmushi, kansa a sunkuye, yana murza bakin rigarsa. Wanshekare bai zo ba. Mako ya cika bai zo ba. Na hau keke na je rugarsu. Mahaifinsa ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo mini nono a ƙwarya, ya gaishe ni da girmamawa, ya ce, "Malam, yaron ya ce shanu sun fi buƙatarsa." Bai ƙara ko kalma ba. Ina tuƙa keke ina komawa, sai ɗakin kallon nan na Kumasi ya faɗo mini a rai. Ashe ni ne yanzu mai dafa kafaɗa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yaron bai dawo ba, kuma har gobe ina neman gafarar Allah a kansa.

Don haka, jikata, ranar da na'ura ta zo hannunki kin tashi daga cikin waɗanda ake nunawa kin koma cikin masu nunawa, kuma hisabinsu ya hau kanki. Mu ma muna da waɗanda muke yanke wa suna: Bafulatanin da rediyo ba ya ambata sai an yi sata, Bakonkomben da muke ba da labarinsa ba mu taɓa cin abinci a gidansa ba, tsohuwar da aka kora zuwa Gambaga da sunan maita, mutumin Kudu da muke yi wa kuɗin goro. Suratul Hujurati ta hana mu izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu ɗauka. Malamanku za su ba ki wannan da manyan kalmomi, amma tun kina allo kika karanta shi.

In za ki ɗauki mutum, ki fara tambayar sunansa, ki kira shi da shi. Ki zauna ki sha ruwan gidansa kafin ki ɗaga na'ura. Ki bar shi ya faɗi abin da yake so a sani game da shi, da harshen da yake mafarki da shi. In kin gama, ki koma ki nuna masa, ki dubi fuskarsa yana kallo. In ya sunkuyar da kai yana murza bakin riga, aikinki bai yi ba, ko da duniya ta tafa miki. Kuma kada son gyara sunanmu ya sa ki yi mana kwalliyar ƙarya. Ki nuna kwatar da ta toshe a zango, ki nuna yarinyar da aka cire daga makaranta, ki nuna saurayin da ƙwaya ta cinye. Amma ki nuna su yadda ɗiya ke faɗin ciwon gidansu, tana neman magani, da sunan kowa da dalilinsa.

Gafakar kakan babanki tana nan cikin akwatina, fatar ta yi baƙi saboda hannu. Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba, zan fito miki da ita. Ki kunna na'urarki a lokacin, ni kuma zan fara da sunansa, da sunan mahaifinsa, da garin da suka taso. Allah ya yi miki albarka, ya tsare harshenki da idonki daga cin mutuncin bayinsa.