Shawara Kafin Dashe: Tunani a Kan Hurumin Ƙasar Daura

  

Duk wanda ya san ƙasar Daura, tun daga Sandamu da Mai'aduwa har Zango da Baure, ya san ƙasa ce ta jigawa: damina gajeriya, rani dogo, iska kuwa ba ta raga wa gonar da ba ta da itace. Hukuma ba ta naɗe hannu ba. Tun daga 1987 aka soma aikin dashen itatuwa na Jihar Katsina da tallafin ƙasashen Turai. A 2007 kuma Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa ganuwar itatuwa don tare hamada, Katsina na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Nijeriya. Wannan alheri ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: wa ake tambaya kafin a yanke abin da za a yi da fili na shekara ashirin ko talatin masu zuwa?

Keɓe fili don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza. Malamai na kiran wannan hima, mu kuma muna cewa hurumi. Imamu Malik da Bukhari sun ruwaito wasiyyar Umar ga Hunayyu, wanda ya ɗora a kan hurumin. Ma'anarta ita ce ya tausasa wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken Ibn Aufin da na Ibn Affan. Dalilinsa: su biyun in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, shi kuwa talaka sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Halifa. Har Umar ya yarda cewa ƙasar ta mutanen ce, a kanta suka musulunta.

To, ta yaya za a san halin mai 'yan tumaki in ba a zauna da shi ba? A kan taswira, burtali da mashaya fili ne kawai da ba kowa. Bafulatanin da ke bin burtalin ne ya san inda ya ƙuntata. Matar da ke fita neman itacen girki ita ta san nisan da ya ƙaru a shekara goma. A yawancin tarukan da na halarta, su biyun ba su samun ko tabarma.

Mu leƙa maƙwabtanmu da ke tsallaken iyaka, wato Matamaye da Magariya ta jihar Damagaram. Can a da itace na gwamnati ne, manomi na tsoron malamin daji, shi ya sa yake sare tsiro tun yana ƙarami. Daga tsakiyar shekarun 1980, da manoma suka sami tabbacin abin da suka rena nasu ne, sai suka koma barin tohon kututture yana girma. Sassaben zamani ke nan. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Maraɗi da Damagaram. A waɗannan garuruwa gawo suka fi zaɓa, don yana kaɗe ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabba ne. Darbejiya na da inuwa mai daɗi, ban musa ba, amma ba ita manomi zai so a tsakiyar gerensa ba.

Abin da nake roƙonku, 'yan'uwa masu karatu da waya a hannu: kafin damina ta faɗi, ku sami mai unguwa da liman a kira zama bayan sallar Juma'a. A gayyato ardo. Iyayenmu mata a ji ta bakinsu a Islamiyyarsu. A rubuta inda burtali ya bi, da fadamar da ba za a yanka filaye a cikinta ba, da itatuwan da dattawa ke so a bari: gawo ne, ko kuka, ko tsamiya, ko aduwa. Takarda ɗaya ta zauna wurin dagaci, ɗaya a kai wa hakimi, ɗaya kuma ƙaramar hukuma, tunda dokar filaye ta 1978 ita ta ba ikon bayar da filayen karkara.