Daga Bonaberi Zuwa Fumban Da Tsohuwar Hiace

Duk mutumin New Bell da zai nufi yamma, tilas ya haye kogin Wuri ya bi ta Bonaberi. A shekarar 2016 muka yi irin wannan tafiya zuwa Fumban ɗaurin auren ƙanenmu, cikin wata tsohuwar Hiace wadda muka cire kujerunta na baya muka shimfiɗa wa Hajiyarmu katifa. A lokacin gada ɗaya ce tak, wadda aka gama a 1954, mai tsawon mita 1,800. Ta biyun sai a 2017 aka buɗe ta.

A kan gadar nan motar ta fara nuna halinta. Cunkoso ya riƙe mu, ba iska mai shiga lagireto, allurar zafi tana ta hawa. Da muka sauka Bonaberi sai muka ratse garejin wani dattijon bakanike a bakin titi. Yaronmu ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, dattijon ya daka masa tsawa: "Kai yaro, kana son fuskarka kuwa?" Ashe murfin nan shi ke danne ruwa ya hana shi tafasa har ya wuce digiri 100. In an buɗe da zafi, tafasasshen ruwa ne zai yi tsalle.

Bayan inji ya huce, ya matsa tiyo na sama da yatsunsa, ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji." Ya yi laushi tiɓis, ya kumbura dab da maɗaurinsa. Na ƙasa kuwa ya bushe ya tsattsage. Ya ce lafiyayyen tiyo tauri gare shi amma yana lanƙwasuwa. Ya kuma yi mana faɗa kan ruwan rijiya da muke ɗura wa motar, domin shi ke haifar da tsatsa ya toshe hanyoyin lagireto.

Wasunmu suka ce a ɗaure da roba a wuce, lokaci na ƙurewa. Hajiya daga kan katifa ta ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Dole muka tura yaro ya sake haye gada zuwa Camp Yabassi, kasuwar kayan mota, ya sayo tiyo biyu da fanbel da ruwan lagireto na jarka. Muka yi asarar rabin yini.

Amfanin abin sai gaba muka gani. Daga Mbanga zuwa Lum da Manjo gonakin ayaba ne dama da hagu, ƙasa na ɗagawa sannu sannu har Nkongsamba a gindin dutsen Manenguba. Bayan Kekem kuwa hawa ne na gaske, zuwa Bafang har Bafusam, inda tudu ya kai wajen mita 1,500. A hawan nan muka wuce motoci an ɗaga bonet, tururi na tashi, fasinjoji zaune a ciyawa. Direbanmu ya riƙe ƙaramin giya, idonsa na kan allura. Ba ta motsa daga tsakiya ba.

Mun isa Fumban da dare, washegari aka ɗaura aure da mu. Saboda haka, 'yan'uwa matafiya, ku matsa tiyonku tun a Bonaberi, inji na sanyi, kayan gyara na kusa. Allah ya kai kowa gida lafiya.