Kwana Biyu a Bakin Ruwan Tiga

Wanda aka haifa a Ƙofar Wambai bai san shiru ba. Tun asuba 'yan dako ke sauke dilolin gwanjo, masu baro na ihun a ba su hanya, kukan janareta kuwa ba ya yankewa sai dare ya raba. Cikin wannan hayaniya na girma, cikinta kuma na rubuta kundin digirina na uku. Da na shaida wa mahaifiyata zan je Tiga in kwana biyu, tambayarta ta farko ita ce, "Wa ya rasu?" Na ce ba kowa. "To, biki ne?" Na ce a'a, Hajiya. Ta dube ni ta ce Allah ya tsare, da irin muryar da ake yi wa wanda ake shakkar lafiyar kansa addu'a. Bahaushe matafiyi ne tun zamanin fatake, amma tafiyar da ba fatauci, ba neman ilimi, ba zumunci, yawon banza muke kiranta.

Ranar Talata na kama hanyar Zariya a tsakiyar hunturu, na wuce gonakin rani na Kura da Kadawa, na karkata zuwa ƙasar Bebeji. Da Sallah nan wurin cika yake da samari da 'yan mata masu ɗaukar hoto. Ni kuwa na tarar da hazo ya lulluɓe ruwan, ba a hango tsallake, sai kwale-kwale biyu uku a ɗaure. A daren farko barci ya ƙaurace mini, domin kunnena yana ta jiran ƙarar da ba za ta zo ba.

Da safe wani dattijon masunci da ke gyaran koma ya tambaye ni, "Malam, bincike ka zo yi?" Na ce, "A'a, Baba, kallo na zo." Ya yi dariya, ya ce da sanyi kifi ma ƙasa yake yi, balle mutane. Can ya nuna mini wani wuri a tsakiyar hazon, ya ce gonar mahaifinsa tana ƙarƙashinsa. Bai faɗi haka da ɗaci ba, kamar dai mai nuna kwatancen gida.

A makaranta abin da aka koya mana shi ne gwamnatin Audu Bako ta datse Kogin Kano a nan tsakanin 1971 da 1974, lokacin da fari ke cin Arewa, kuma daga nan ruwan ke bin magudanai ya raya tumatir da shinkafa da alkama a Kura da Bunkure da Garun Malam. Gaskiya ne, aiki ne na hangen nesa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙauyukan da aka tayar, da fadamun Haɗeja da Nguru da ambaliyar da suka dogara da ita ta ragu. Na sha karanta wannan a takarda, amma sai da aka nuna mini gona da yatsa a bisa ruwa ya shiga raina.

Wani abu kuma ya dame ni ina zaune a gaɓar. Mu ma a cikin birni muna da ruwanmu: kududdufan da kakanninmu suka haƙa garin neman ƙasar gini, waɗanda ke shanye ruwan damina. Ina kallo aka cike da yawansu da shara aka dasa shaguna, Jakara kuma ta koma kwata. Ga teku guda a tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, amma rabon famfon lungunmu da ɗigo, har yaran gida sun mai da shi wurin ɗaure akuya.

Na dawo ranar Alhamis da la'asar. A bakin lungu na tsaya na ba mai garuwa hanya, yana tura kura cike da jarkoki zuwa gidanmu. Hajiya ta karɓi bandar kifin da na riƙo mata, ta juya ta, ta shinshina, sannan ta tambaye ni nawa na saya.