Zango Nawa Za Mu Ci Ranar Asabar?

Mu bakwai ne muke fita gudu a nan Federal Low-Cost tun kafin abin ya zama yayi. Da an sallame sallar Asuba sai mu koma gida mu sauya kaya, mu haɗu a bakin titi, mu yi kilomita biyar ko shida, mu dawo kafin rana ta ɗaga. A cikinmu akwai tela, da malaman makaranta biyu, da mai shagon kayan masarufi, da samari biyu 'yan ƙwallo, sai dattijonmu, tsohon soja, wanda kowa ke kira Baba. Yawancinmu tumbi da tsoron hawan jini ne suka fito da mu. Ranar Asabar kuwa, da yake ba a gaggawar aiki, mukan ɗan ƙara nisa har mu kai kilomita 10.

A ƙarshen daminar 2020 muka ji za a yi tseren gudun fanfalaki a Kaduna ranar Asabar, 21 ga Nuwamba, kuma babban tseren na kilomita 21 ne. Rabin cikakken fanfalaki ke nan, wanda shi yake kilomita 42 da mita 195, irin wanda aka fara yi a Legas a 2016. Wanda ya san filin wasa na Pantami ya kwatanta a ransa: zagayen filin tsere mita 400 ne, to sai mutum ya zagaya kusan sau 53. Muka ƙirga, saura mako tara. Muka ce da yardar Allah da mu za a yi.

A teburin mai shayi gardama ta tashi. Kowa ya yarda cewa gudun ranar Asabar, wato dogon gudun mako, shi ne ƙashin bayan shiri. Abin da muka kasa yarda a kai shi ne nisansa. Samarin nan biyu suka ce lissafin ai a fili yake, wanda bai taɓa yin 21 a gida ba, ba zai yi ta a garin mutane ba. Ɗaya ya ce, "Baba, mu fara buga 20 tun Asabar mai zuwa, jiki ya saba. In ya so ranar tsere ƙarin kilomita ɗaya ne kawai." Telanmu ya goyi bayansu, don shi mutum ne mai zuciya, ba ya son a ce yara sun fi shi.

Baba ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yarana, ku jikokin fatake ne, amma kun manta yadda ake tafiya. Kakanninmu da suke zuwa Gwanja ɗauko goro, wata da watanni suke yi a hanya. Madugu ba ya yanka zango don ƙarfin saurayin da ke gaba. Jakin da ya fi rauni yake dubawa, da inda ruwa yake, da kuma tafiyar gobe. In ka ci zango biyu yau, gobe wa zai ɗauki kayan?"

Mun yi dariya a lokacin, amma abin da ya bayyana mana daga baya, mun same shi daidai da abin da masu horar da 'yan gudu suke faɗa. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da wahala, cikin 'yan makonni mutum zai ji ya daina haki. Ƙashi da agara da gwiwa kuwa sai a hankali, sukan ɗauki watanni. Nan tarkon yake: numfashi ya ce maka za ka iya, alhali ƙwaurinka bai shirya ba. Shi ya sa ake cewa a riƙa ƙara kilomita ɗaya ko biyu kawai a dogon gudu kowane mako, kuma duk bayan mako biyu ko uku a ja baya a rage, jiki ya gyara abin da ya lalace. Sannan kada dogon gudun ya haɗiye mako. In jimlar abin da kake yi daga Litinin zuwa Lahadi kilomita 30 ne, bai kamata Asabar ita kaɗai ta cinye 20 ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku ake so, in ya yi yawa ya kusanci rabi ga irinmu masu ƙaramin gudu.

Muka rabu biyu. Mu uku muka bi Baba, tela da samari suka bi ra'ayinsu. Asabar ta farkon Oktoba, mu muka yi 13 muka juyo, su suka miƙe hanyar Bauchi, suka haura wajen Tumfure da gaba, suka dawo wayarsu na nuna 20. Wallahi ranar mun ji kunya. Suna ta nuna wa mutanen unguwa, mu kuwa muna tsaye kamar waɗanda suka gudu daga filin daga. Asabar ta gaba, mu muka koma 10 kamar yadda Baba ya tsara, su suka sake buga 20, duk a kan kwalta, kuma tela da tsohon kambas ɗin da ya sha ɗinki.

Ranar Litinin tela bai fito ba. Da muka leƙa shagonsa muka tarar da shi zaune ya miƙe ƙafar dama a kan benci. Wuri guda ne a ƙwaurinsa, in ya danna da yatsa sai ya yi tsalle. Ya ce tun makon jiya yake ji, ya ɗauka tsamin jiki ne. Da ƙyar muka lallaɓa shi ya je asibiti. Likita ya ce ƙashin ya fara tsagewa saboda yawan dukan da ya sha, ya ajiye gudu na aƙalla mako shida, kuma ya rage ɗora wa ƙafar nauyi.

'Yan uwa, kun san abin da ake nufi da ƙafar dama ga tela mai keken takawa, musamman in babu wuta. Maulidin shekarar ya faɗo 29 ga Oktoba, kuma kun san yadda Gombe take cika a Maulidi. Yadukan yaran Islamiyya ne tsibi a shagon, iyaye sun riga sun ba da kafin alƙalami. Dole ya kwashi fiye da rabin ɗinkin ya kai wa wani tela suka raba kuɗin. Wasu suka karɓe kayansu da fushi. Mun yi masa karo-karo, amma abin da muka haɗa bai kai abin da ya rasa ba. Maiɗakinsa ta aiko mana da saƙo ta bakin ɗansu, wai a gaya wa Baba da abokan gudu, tuwon gidan nan daga ƙafar nan yake fitowa. Ba mu da amsa. Da ya fara ɗingishi a makon farko mun gani, muka yi ta zolayarsa maimakon mu tsayar da shi.

Daga ranar samarin suka dawo layi. Ga yadda Asabar ɗinmu suka kasance tun daga farko: 10, 12, 13, sai muka sauko 10, sannan 14, 16, muka sauko 12, sai 17 ana saura mako biyu, wanda shi ne mafi nisan da muka yi. Asabar ta ƙarshe kafin tsere 10 kawai muka yi, a cikin makon kuma gudu kaɗan-kaɗan, don ƙafa ta huta. Ƙa'idar Baba a dogon gudu ita ce hira. In ba za ka iya ba abokinka labari cikakke kana gudu ba, to ka yi sauri da yawa. Ya kuma hana mu wuce awa biyu a kan hanya ko da kilomitan ba su cika ba, don a cewarsa ƙafa ba ta san lamba ba, daɗewar da ta yi tana dukan ƙasa ta sani. Duk gudun da zai haura awa ɗaya da rabi, muna tafiya da dabino a aljihu, mu tsaya mu sayi ruwan leda a hanya, domin wajen wannan lokacin ne makamashin da jiki ya tara yake fara ƙarewa.

Mu biyar muka shiga tseren Kaduna, Baba ya raka mu yana riƙe da jakunkuna. 'Yan Kenya ne suka lashe, sun daɗe da gamawa mu muna tsakiyar hanya. Dukkanmu mun ƙarasa, tsakanin awa biyu da minti goma zuwa awa biyu da minti arba'in. Ba za mu ɓoye muku ba, kilomita huɗun ƙarshen nan da ba mu taɓa takawa ba sun gasa mana aya a hannu. Hutun mako biyu da hayaniyar jama'a a bakin titi su suka ɗauke mu. Ɗaya daga cikin malamanmu har yau yana cewa da mun kai 19 a gida da bai yi tafiyar ƙafa a ƙarshe ba, kuma muna ganin yana da gaskiyarsa. Wanda ya shekara yana gudu, yana haɗa kilomita 50 a mako, yana neman ya rage lokacinsa, zai iya yin 21 har ma da ɗoriya a atisaye. Mu ba mu kai nan ba a lokacin, kuma mako tara ba ya kai mutum nan.

Abin da ya sa muka rubuta wannan shi ne, yanzu masu fitowa da Asuba a unguwar nan sun yi yawa, kuma tambayar da ƙannenmu suka fi yi mana ita ce, "Yaya, nawa zan yi ranar Asabar?" Amsarmu tambaya ce: nawa ka yi Asabar ɗin da ta wuce, kuma yaya ka tashi ranar Lahadi? In ka yi sujada ba tare da gwiwa ta yi ƙara ba, ka je aikinka lafiya, to ƙara ɗaya ko biyu. In kana ɗingishi, ka tsaya inda kake ko ka ja baya. Ga mai shiga karon farko, 16 zuwa 18 ya isa, kuma ya nemi mako goma sha biyu ko fiye, kada ya matse kamar yadda muka yi.

A kuma duba garin da muke ciki. A watan Maris da Afrilu zafin Gombe yakan kusanci digiri 40, don haka duk gudun da zai kai ka ƙarfe takwas a kan titi, a rage shi. Lokacin hunturu in hazo ya yi kauri, mai asma ko tari ya haƙura. Da azumi mu dai muna ajiye dogon gudu gaba ɗaya, sai ɗan motsa jiki bayan Tarawihi. Wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, ya fara ganin likita. Ciwon da ya tsaya wuri guda a kan ƙashi kuwa, ba na shafa man zafi a ci gaba ba ne, na asibiti ne.

Telanmu ya warke, alhamdulillahi, ya dawo gudu bayan wata uku, daga kilomita biyu ya sake farawa. Yanzu shi ke riƙe da littafin da muke rubuta nisan kowa, da irin littafin da yake rubuta awon kaya. Mai son shiga cikinmu ya same mu ranar Asabar bayan sallar Asuba a bakin titi, ya zo da ruwansa. Kafin a tashi, tela zai tambaye shi nawa ya yi makon jiya, kuma a gaya masa gaskiya don Allah.