Zanen Inna

Ranar da aka raba kayan Inna, kowa leshi da shadda ya miƙa wa hannu. Ni kuwa wani tsohon zanen atamfa na ɗauka, shuɗi mai zanen ganye, wanda wanki ya ci har ya yi laushi. Yaya ta dube ni ta ce, "Wannan tsumman za ki ɗauka?" Na ce da shi aka goye ni. Ita ma da shi aka goye ta, amma ban tuna mata ba.

Shekara biyu yana ƙasan akwati. Akuya ce ta fito da shi.

Akuyarmu ta daina cin abinci, tana ta ramewa, ciki kuma a kumbure. Da muka ga za ta tafi a banza sai aka yanka. Mahaucin ya kira ni ya nuna mini abin da ya ciro daga tumbinta: dunƙulen leda baƙa da fara, ya kusa kan yaro. Ban nemi wanda zan zarga ba. Ledata ce, wadda nake rufe kwano da ita, in ƙulle ragowar albasa, in jefar a bayan ɗakin girki. Inna da faifai take rufe ƙwarya, ban san ranar da na bar wannan ba.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini ƙyallen da take naɗe burodi da shi. Auduga ce aka jiƙa da kakin zuma. In ka danna shi a bakin kwano, ɗumin hannunka ya tausasa kakin, ya kama, ya zauna. In ya yi datti ka wanke ka sake.

Na sayi saƙar zuma wajen mai zuma, wadda aka riga aka matse. Na dafa ta a ruwa cikin tsohuwar tukunya, na tace da tsumma, na bar ta ta kwana. Da safe kakin ya taso sama ya daskare, rawaya, ƙamshinsa ya cika gidan. Na ji ana haɗa shi da ɗankon wani icce don ya ƙara kamawa, sai na ce ai ga ƙaro a kasuwa. Asarar kuɗi na yi. Ƙaro a ruwa yake narkewa, ba ya shiri da kaki, ya kwanta a gindin tukunya kamar tsakuwa.

Sai maganar ƙyalle. Atamfar yanzu da yawa akwai roba a cikinta, kaki kuma auduga zalla yake so. Gwajin ba wuya: ka zare zare ɗaya ka kusanta shi da ashana. Auduga takan ci wuta ta bar toka, mai roba kuwa sai ya narke ya dunƙule. Na gwada ragowar yadi uku da na karɓo wajen tela, duk suka dunƙule. Na zauna shiru, don na san inda audugar take.

Na daɗe riƙe da almakashi. Da na soma yankawa hannuna rawa yake yi, shi ya sa na farkon ya fito a karkace.

Sauran aikin bai kai wannan nauyi ba. Na goge kakin da abin gogar kuɓewa, na barbaɗa a kan ƙyallen, na sa shi tsakanin takardar da masu gashin kek ke shimfiɗawa a tire, na bi da dutsen guga. Kakin zuma yana narkewa da zafi ya haura digiri 60 kaɗan, don haka ba a cika wa dutsen wuta. Na farko na cika masa kaki, ya sandare kamar kwali. Na biyu na rage, na ɗaga shi ta kusurwa biyu ina kaɗawa, kafin minti ɗaya ya sha iska. Shuɗin da ya koɗe ya dawo, ganyen ya fito sarai, kamar yadda na san shi a bayan Inna.

Yana da iyakarsa, kuma zan faɗa. Ba a naɗe tuwo mai zafi da shi, ba a sa masa ɗanyen nama ko kifi, tunda ba a wanke shi da ruwan zafi, sai mai sanyi da ɗan sabulu. A zafin Afrilu, in na manta shi kusa da murhu, sai ya yi danƙo a hannu. Leda ba ta bar gidana gaba ɗaya ba. Amma burodi, rabin kabewa, ganyen salak, kwanon miyar da ta huce, duk shi ke rufe su.

Da Yaya ta zo ta gan shi a bakin kwano, nan take ta gane.

"Zanen Inna kika yayyanka?"

"Shi ne, Yaya."

"Da kin san yankawa za ki yi, ai da kin bar mini."

Na so in ce ita ta kira shi tsumma, na haɗiye. Har ta gama cin abinci ba ta ƙara ce mini komai ba. Da ta tashi tafiya na naɗe mata ƙosai a ɗaya daga ciki, bayan ya huce. Ta karɓa, ta kai shi hanci, ta sa a jaka.

Guda shida na yanka. Biyar ne yanzu a ɗakin girkina, ba ta dawo da nata ba, ni ma ban tambaya ba.